Idan Aka Ƙulla Maka Sharrin Duka

Wani tela ya shigo ofishina a Kano, idonsa ya yi jawur don rashin barci. Maƙwabcinsa ya kai ƙara caji ofis cewa ya tare shi da daddare ya fasa masa goshi. Tushen rigimar bashi ne da ya daɗe a tsakaninsu. A daren da ake magana kuwa, telan yana Wudil wajen ta'aziyyar ƙanin mahaifinsa, can ma ya kwana. Na ce masa, "Malam, ka faɗa wa ɗan sandan haka?" Ya ce, "Barista, ai ba su tambaye ni ba. Na dai rantse musu da Allah ban taɓa shi ba."

Wannan amsa ta tayar min da hankali fiye da ƙarar kanta. Idan kariyarka ita ce ba ka wurin lokacin da abin ya faru, kotunan Najeriya sun daɗe da tsayawa a kan cewa tun a bayaninka na farko wajen 'yan sanda za ka faɗa, kuma dalla-dalla: ina kake, da ƙarfe nawa, kai da su wa, a ina za a same su. Da zarar ka ba da wannan, ya zama wajibi a kan mai bincike ya je ya duba, in bai je ba kuma lauyanka ya sami abin riƙewa. Amma in ka bari sai a gaban alƙali ka fito da zancen, mai gabatar da ƙara zai ce daga baya ka ƙirƙiro shi, kuma sau da yawa kotu takan karkata ga maganarsa.

Ba dole ba ne ka yi magana nan take. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Shi ne kuma ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 36 ya ɗauke ka a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, kuma tabbatarwar tana wuyan mai ƙara. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama ɗanka ko matarka a madadinka. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa.

Inda na fi ganin mutanenmu suna faɗawa rami shi ne sa hannu. Mutum ya yi bayani da Hausa, a rubuta da Turanci, a miƙo masa biro ko a ce ya dangwala yatsa, shi kuwa ya ƙosa ya koma gida. Ka ce a karanta maka, a fassara maka, layi bayan layi. "Mun yi cacar baki da rana" daban, "mun yi faɗa" daban, kuma kalma ɗaya irin wannan tana iya bin ka har ƙarshen shari'a.

Sai kuma zuwa ba da haƙuri. Mu mutane ne masu son sulhu, ni ma ina sonsa. Amma na sha ganin dattawan gida sun ɗunguma zuwa wajen mai ƙara suna cewa a yi haƙuri, za a biya kuɗin magani, washegari a wayi gari wannan kuɗin ya zama hujjar cewa an amsa laifi. In sulhun za a yi, a yi shi da sanin lauya, a gaban mai unguwa ko shaidu, a rubuce. Kada ka kira mai ƙarar cikin fushi, kada ka tura masa saƙo, kada ka hau Facebook kana wanke kanka. Waya tana naɗar murya.

Ka tattara abin da ke hannunka tun bai ɓace ba: saƙonnin WhatsApp, alat ɗin banki, rasit, sunan direban da ya ɗauke ka. Kada ka goge komai daga wayarka, ko da kana ganin bai yi maka kyau ba. Takardar asibitin da mai ƙara ya kawo tana nuna an ji ciwo ne, ba ta nuna wanda ya ji masa ba.

Shi telan, mun koma caji ofis a ranar muka nemi ya ƙara bayani a rubuce. Ya ba da sunayen mutum uku da suka kwana ɗaki ɗaya da shi, ya nuna alat ɗin kuɗin da ya cira a wajen mai POS a Wudil bayan sallar isha'i. An sallame shi a kotun majistare, amma sai da ya yi wata bakwai yana rufe shago yana zuwa zama, har ɗinkin sallar mutane ya kuɓuce masa.