Gurbi a foliteknik da rancen NELFUND: inda yaranmu ke tuntuɓe

Ina aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai na wata kwalejin kimiyya da fasaha ta gwamnati a nan Arewa, kuma abin da nake gani a bayan teburin nan kowace shekara shi ne, yawancin yaran da ke rasa gurbi a wurinmu ba jarrabawa ce ke kayar da su ba. Makin ba shi da wani tsauri. A taron da hukumar JAMB ta yi da shugabannin makarantu a 2025, an tsayar da maki 100 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin abin da foliteknik za ta karɓa, alhali jami'a 150 ne. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, musamman a kwasa-kwasan da ake rububi, amma duk da haka ƙofar a buɗe take. Takarda ce ke kayar da yaranmu: suna ya bambanta, ranar haihuwa ta saɓa, layin wayar da aka yi rajista da shi na wani ne. Kuma tunda rancen karatu na gwamnati ya zo, kuskuren da a da yake hana yaro gurbi kawai, yanzu har kuɗin makaranta yake hana shi.

Har zuwa 2025, sharaɗin shiga ƙaramar difloma, wato ND, kiredit biyar ne a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, cikinsu har da Turanci da Lissafi. Wannan kowa ya haddace shi. Abin da ba a haddace ba shi ne, sauran ukun ba kowane darasi ba ne. Wani dattijo ya taɓa shigo min da ɗansa, takardun yaron a naɗe cikin baƙar leda, ya shimfiɗa su a kan tebur yana gyara lanƙwasar da tafin hannu. Yaron injiniyancin lantarki yake so, tun yana ƙarami yake bin mai wayarin gidaje a unguwarsu. Na duba sakamakon, Fiziks D7. Dattijon ya ce, "Malam, ai kiredit bakwai gare shi, an ce mana biyar ake nema." Na ce, "Baba, gaskiya ne, amma biyar ɗin masu suna ne. A lantarki sai da Fiziks da Kemistiri, Hausa da Addinin Musulunci da ya ci da kyau ba za su cike gurbinsu ba." Mafita biyu ce ga irin wannan yaro: ya sake zama jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara ya gyara darasi ɗayan, a haɗa sakamako biyu, ko ya sauya kwas. Ni na fi ba da shawarar a gyara, domin yaron da aka tura kwas ɗin da ba ya so don kawai a ce ya shiga makaranta, shi ne muke gani ya ɓace a zango na biyu.

Haka ma a jarrabawar JAMB. Turanci dole ne, sai darussa uku da suka dace da kwas ɗin. Duk shekara sai mun ga mai neman injiniyanci da ya rubuta Tattalin Arziki a maimakon Kemistiri, saboda mai shagon intanet ya ce masa ya fi sauƙi.

Yaran da suka fito daga kwalejojin fasaha, waɗanda suka shiga bayan aji uku na ƙaramar sakandare suka yi shekara uku suna koyon walda ko gini ko kafinta ko gyaran mota, su ne ya kamata su fi kowa samun sauƙi a wurinmu. Takardar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992, karɓaɓɓiya ce kamar WAEC. A aikace kuwa sun fi 'yan sakandare hannu nesa ba kusa ba. Inda suke faɗuwa Turanci da Lissafi ne, domin da yawa sun ɗauka mai riƙe da sifana ba ruwansa da insha'i. Malaman waɗannan makarantu su taimaka su cire musu wannan tunani tun daga aji ɗaya.

Kafin a biya ko sisi, a tambaya ko hukumar NBTE ta amince da kwas ɗin. Wannan hukuma tun 1977 take, hedikwatarta a Kaduna, kuma kwas-kwas take tantancewa, don haka makaranta tana iya zama halastacciya amma wani kwas a cikinta bai samu amincewa ba. A tuna kuma tafiyar doguwa ce: shekara biyu ND, shekara guda ta sanin makamar aiki, shekara biyu babbar difloma HND, sannan hidimar ƙasa. Wanda ya yi karatun yamma ko na ƙarshen mako ba a tura shi hidimar ƙasa, takardar cirewa ake ba shi. Ba laifi ba ne ga ma'aikacin da ke neman ƙarin girma, amma ɗan shekara 18 ya san abin da ya zaɓa.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. Mu Hausawa ba mu da tsayayyen sunan dangi irin na boko. A firamare hedimasta ya rubuta sunan yaro da na ubansa. A sakandare aka ƙara sunan gari. Ranar da aka je yin NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, wansa ne ya raka shi, ya ba da sunan kaka. A banki aka rubuta Mohammed, a WAEC Muhammad, a NIN Muhammed. Yarinya A'isha ce a nan, Aishatu a can. Ranar haihuwa kuwa, wanda ba a sani ba sai a ba shi 1 ga Janairu, wani kuma a rage masa shekara biyu saboda ana hango iyakar shekara 30 ta hidimar ƙasa, sai a manta wace shekara aka faɗa a wane ofis. A gida duk mutum ɗaya ne, kowa ya san shi. Kwamfuta ba ta san shi ba. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma suna da ranar haihuwa kai tsaye JAMB take ɗauko su daga hukumar katin ɗan ƙasa, ta yadda kuskuren da ke cikin NIN shi zai bi yaro zuwa takardar gurbi, zuwa rajistar makaranta, zuwa shafin rance. Lokacin gyara shi ne yaro yana aji biyar na sakandare, kafin a cike fam ɗin WAEC da NECO. A ajiye takardar haihuwa da ta NIN da ta ƙaramar sakandare wuri guda, a karanta su harafi-harafi, a zaɓi rubutu ɗaya da jeri ɗaya, a tsaya a kai. Gyara bayan an fitar da sakamako yana yiwuwa a wasu wurare, amma da kuɗi da yawon kotu da jiran watanni, kuma wa'adin rajista ba ya jiran kowa.

Sai layin waya. Lambar da yaro ya aika NIN ɗinsa da ita zuwa 55019 don karɓar lambar buɗe shafinsa na JAMB, ita ce tasa a wurin hukumar. Wata uwa ta zo da 'yarta suna neman ba'asi, watanni sun wuce ba su ji komai ba. Na duba, an ba yarinyar gurbi tuntuni, ba ta karɓa ba. Na ce, "Hajiya, saƙon wace waya ya shiga?" Ashe layin yaron shagon intanet ne, imel ɗin ma shi ya buɗe, shi ya san kalmar sirrin, kuma ya bar garin. A saya wa yaro layinsa, a rubuta imel da kalmar sirri a bayan littafi a ba uwarsa ta ajiye.

Gurbi kuma ba ya tabbata sai ta CAPS, tsarin da JAMB ta fara aiki da shi a 2017. Ɗalibi ya tabbatar an ɗora sakamakonsa na sakandare a kai a cibiyar da JAMB ta amince da ita, ya riƙa dubawa, idan gurbi ya fito ya danna karɓa, ya buga takardar. JAMB ta sha nanata cewa duk gurbin da bai bi ta nan ba haramtacce ne. Don haka idan wani ya ce maka, "Kawo kaza, na san mutum a ciki, yaro ya fara shiga aji kawai," to ka sani yaron yana iya gama shekara biyar yana karatu, ranar da za a tura sunaye hidimar ƙasa a nemi nasa a rasa. Ba zan ce babu masu irin wannan sana'a a cikinmu ba.

Rancen karatu na NELFUND ya tsaya ne a kan dokar da aka sa wa hannu a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Dokar farko ta 2023 ta ɗora sharaɗin mai tsaya wa ɗalibi da kuma iyakar kuɗin shigar iyali, sabuwar ta cire su. Na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha, foliteknik na ciki. Wanda ya kai ɗansa makaranta mai zaman kanta, irin kwalejojin lafiya da suka cika garuruwanmu, kada ya sa rai. Kashi biyu ne: kuɗin makaranta, wanda ake tura wa makarantar kai tsaye, ɗalibi ba ya taɓa shi, da kuɗin ɗawainiya naira 20,000 a wata da ke shiga asusun ɗalibi idan ya nema. Abin da shafin ke tambaya lambar JAMB ce da NIN da BVN da shaidar gurbi, asusun banki kuma ya zama na ɗalibin da sunansa. Asusun baba ko na yaya ba ya aiki. Nema kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya "tura suna" ɓarawo ne.

Idan shafin ya ce bai gane ka ba, sau da yawa makaranta ce ba ta ɗora bayananka ba, ko ta ɗora da kuskure. Wannan ofishin kwamfuta na makaranta ne zai gyara, komawa shagon intanet ɓata kuɗi ne. Kuma kuɗin ba ya zuwa ranar da aka nema. Wa'adin rajista kan cika kafin ya iso, iyaye su yi ƙoƙari su biya. In haka ta faru a adana rasit kamar takardar gona, domin idan kuɗin NELFUND ya shigo, haƙƙin ɗalibi ne makaranta ta mayar masa da nasa. A 2025 an yi ta ƙorafi a ƙasar nan cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba. Ɗalibi ya riƙa duba shafinsa, in ya ga an biya ya rubuta wa ofishin kuɗi takarda, ya riƙe kwafi. Kowace sabuwar shekarar karatu kuma sai an sake nema.

Tambayar da iyaye suka fi yi mini ta riba ce. Babu kuɗin ruwa a ciki, abin da aka ci shi ake biya. Amma bashi ne, kuma ina jin takaici idan na ji yara suna kiransa rabonsu na arzikin ƙasa. Ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma kashi 10 na ribarsa. Doka ta yi tanadin yafewa idan mutum ya rasu. Wanda gidansu za su iya ɗaukar abincinsa da kuɗin motarsa, ya nemi na makaranta kawai ya bar na ɗawainiya, domin naira 20,000 sau watannin shekara huɗu ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai fara aiki. Iyaye mata kan tambaya, idan yarinya ta yi aure wa zai biya? Bashin a kan sunanta da BVN ɗinta yake, aure ba ya ɗauke shi, kuma ya kyautu a gaya wa manemin tun ana maganar sa rana.

Kada rance ya sa a manta da tallafin da ba a biya. Jihohi suna da hukumomin ba da tallafin karatu, gwamnatin tarayya ma tana da tata. Kuɗin ba shi da yawa kuma yakan makara, amma kyauta ne. Abin da suka fi nema takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ce da takardar gurbi da katin ɗalibi, don haka idan aka je sakatariya karɓar ta asali, a tafi da takardar NIN a hannu, a sa magatakarda ya kwafi sunan daga jikinta.