Hanta Da Daskarewar Jini

Idan mace ta yanke yatsa wajen yankan kuɓewa, jini ya kan zuba na ɗan lokaci, sa'an nan ya daskare ya tsaya. Ko kun taɓa tunani a kan abin da ya tsai da shi?

A cikin ruwan jini akwai waɗansu abubuwa narkakku da likitoci su ke kira furotin. Ɗaya sunansa furotorombin, wani kuma fibirinojin. Da an ji rauni sai na farin ya farka, ya mai da na biyun zare-zare sirara. Zaren nan ya kan saƙu a bakin rauni kamar koma, ya kama ƙwayoyin jini, su zama guda.

To, ina a ke yin waɗannan abubuwa? A hanta ne. Tana ciki wajen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta ga babban mutum ya kai kamar kilo ɗaya da rabi. Saboda haka wanda giya ko ciwon shawara ya lalata wa hanta, ya kan yi haɓo da zubar jini a dasashi, rauninsa kuma ya daɗe bai tsaya ba.

Amma maƙeri ba ya ƙira sai da gawayi. Haka hanta ba ta iya gama furotorombin sai da bitamin K. Wani masani na ƙasar Denmak, Henrik Dam, shi ya fara gane wannan a 1929, sa'ad da kajin da ya ke gwaji da su suka yi ta zubar jini. Mu manya mu kan same shi a ganyen miya, kamar alayyafo.

Ku lura, iyaye. Jariri ya kan zo duniya da bitamin K kaɗan ƙwarai, nonon uwa kuma ba shi da shi da yawa. Shi ya sa a ke yi wa jariri allurarsa ran haihuwa. Idan an haihu a gida, a kai shi asibiti a roƙi allurar nan. Kada kuma a bar wanzami ya cire masa beli ko ya yi masa tsaga. Idan cibiya tana ta ɗigar jini, ko kashinsa ya fito da jini, kada a kwana, a tafi wurin likita.

Tambayoyi:
1. Ina a ke yin fibirinojin?
2. Me hanta ta ke bukata domin ta gama furotorombin?
3. Don me a ke yi wa jariri allura ran haihuwa?