Yadda Ake Dashen Turmin Haƙori Da Ya Maƙale A Muƙamuƙi

Babban mutum yana da haƙora 32, kuma 12 daga cikinsu turame ne, uku-uku a kowane lungu na baki. Turmi na farko yakan fito yaro yana da shekara 6, na biyu a wajen shekara 12, na uku kuwa, na can ƙurya, sai tsakanin shekara 17 zuwa 25. Ba kowane turmi ke samun hanyar fita ba. Wani yakan karkace ya tokari maƙwabcinsa, wani ya kwanta cikin ƙashi dasashi ya rufe shi ruf. An fi ganin haka ga turmi na uku na muƙamuƙin ƙasa, amma na biyu ma yakan maƙale jefi-jefi.

Abin da aka saba shi ne a cire a yar. Ga matashi kuwa, yar da irin wannan haƙori na iya zama asara babba. Turmi na farko ya riga sauran fitowa, don haka shi ya fi yawan yin kogo, kuma yara da dama kan rasa shi tun ba su kai ashirin ba. Likita na iya ciro wanda ya maƙale, ya dasa shi a gurbin wanda ya lalace, ya kama, ya ci gaba da rayuwa. Haka kuma idan turmi na biyu ne ya maƙale, likitan daidaita jerin haƙora ya ja shi da waya ya ƙi miƙewa, ana iya ɗago shi a gyara masa zama, ko a cire shi a kawo na uku gurbinsa.

Aikin ya daɗe. A shekarun 1950 likitoci biyu a Amurka, Apfel da Miller, suka bayyana yadda suka mayar da turmi na uku gurbin na farko. Daga baya Slagsvold da Bjercke suka inganta dabarar a birnin Oslo, suna dasa wa yara ƙananan turame, wato haƙoran da ke gaban manyan turamen nan. A 1990 Jens Andreasen na Denmark da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon dashen irin waɗannan haƙora 370, kuma kashi 95 zuwa 98 cikin 100 sun tsaya. Wani binciken na 2002 ya bi sawun waɗanda aka yi wa dashe a Oslo, bayan kimanin shekara 26 ya tarar kashi 90 cikin 100 na haƙoran suna nan a baki.

Sirrin aikin duka yana jikin saiwa. Akwai wani tantani mai rai da ya lulluɓe ta, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, shi ke ɗaure haƙori da ƙashi. Da shi mutum ke jin tsakuwa a cikin shinkafa, shi ke ba haƙori damar motsawa idan an ja shi da waya, shi ne kuma ke sa sabon ƙashi ya tsiro kewaye da haƙorin da aka dasa. Manomin rani ya san wannan darasi: dashen tumatir ba ya kamawa sai an ciro shi da ƙasar saiwarsa, ba a kuma bar shi a rana ba. Kowane mataki na aikin, kare tantanin nan ake yi.

Mataki na farko: dubawa da aune-aune

Likita zai ɗauki hoton muƙamuƙi ya ga yadda haƙorin ya kwanta, da siffar saiwarsa, da kusancinsa da babbar jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa. Lokaci mafi kyau shi ne sa'ad da saiwa ta kai rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na tsawonta, bakinta na ƙasa kuma yana buɗe. Ta wannan kafa jijiyoyin jini za su sake shiga su raya cikin haƙorin. Ga turmi na uku, wannan yakan faɗo tsakanin shekara 15 zuwa 19, amma hoto ne alƙali, ba takardar haihuwa ba.

Sai a auna gurbin: faɗinsa zai ɗauki haƙorin? Ƙashi ya wadata ta ɓangaren kunci da na harshe? Idan maƙwabta sun zamo sun tsuke giɓin, likitan daidaita haƙora zai fara sa waya ya buɗe shi, wanda kan ɗauki watanni. Mai ƙazamin baki, da mai shan taba, da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da wanda gurbinsa ke ɗauke da mugunya, sai sun fara gyara waɗannan.

Mataki na biyu: shirya gurbi

Bayan allurar kashe zafi, da gurbi ake farawa, haƙorin da za a dasa kuwa a bar shi inda yake tukuna. Ana cire ruɓaɓɓen turmin, a kankare duk wani mataccen nama, sannan a faɗaɗa ramin da injin da ke juyawa a hankali, ana zuba ruwan gishiri na asibiti don kada ƙashi ya ƙone. Ramin ya ɗan fi saiwar girma, yadda za ta shiga ba tare da gogar bango ba.

A da, likita da haƙorin kansa yake gwaji: ya sa, ya cire, ya ƙara faɗaɗawa, kuma kowane gwaji yana kashe wani sashe na tantanin. A 2001 likitoci a Koriya ta Kudu suka nuna mafita. Daga hoton kwamfuta mai nuna tsawo da faɗi da kauri, na'ura na ƙera kwafin haƙorin tun kafin ranar aiki. Da kwafin ake ta gwaji har ramin ya dace.

Mataki na uku: ciro haƙorin

Nan ne gwaninta ke bayyana. Likita zai tsaga dasashi ya ɗaga, ya sassaƙe ƙashin da ya rufe kan haƙorin, ya girgiza shi sannu-sannu har ya saki. A cirewar yau da kullum akan farfasa turmin da ya maƙale a fito da shi gutsi-gutsi. A nan dole ya fito ɗungurungum. Bakin awartaki a kan farin saman haƙori kaɗai zai tsaya, ba ya sauka kan saiwa. Ba a goge saiwar, ba a taɓa ta da yatsa, ba a barin ta bushe. Idan akwai ɗan jinkiri, a mayar da haƙorin raminsa na asali ko a tsoma shi cikin ruwan gishiri. Ana so zamansa a waje kada ya wuce minti 15, in ya zama daƙiƙoƙi ne ma ya fi.

Mataki na huɗu: dasawa da ɗaurewa

Ana zaunar da haƙorin cikin sabon gurbi ba tare da dannawa ba, a bar shi ya ɗan yi ƙasa da maƙwabtansa, don kada na sama ya riƙa dukansa wajen tauna. Daga nan a jawo dasashi a ɗinke shi ya rungumi wuyan haƙorin sosai, saboda ta nan ƙwayoyin cuta ke kutsawa. Zaren ɗinki biyu da aka gicciya ta saman haƙorin sukan isa su riƙe shi na mako guda. In yana rawa da yawa, a manne shi da maƙwabcinsa da siririyar waya mai lanƙwasuwa na wasu makonni kaɗan. Ba a ɗaure shi tamau, domin ɗan motsin nan ke hana saiwa mannewa da ƙashi.

Mataki na biyar: jinya da bibiya

Kwanakin farko sai abinci mai laushi, kunu da fate da makamantansu, a tauna ta ɗaya gefen. Ana kurkure baki da maganin da likita ya bayar, a sha magani yadda aka rubuta. Kumburin kunci na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Idan bakin saiwa a buɗe yake, jira kawai ake yi: jini zai koma ciki, saiwa ta ci gaba da tsawo. Idan saiwa ta riga ta rufe, kamar ta manya, jijiyar ciki da wuya ta farfaɗo, don haka a cikin kamar mako biyu ake kwashe ta a cike hanyar, kafin ta ruɓe ta fara cin saiwar.

A kowace ziyara likita zai ɗauki hoto, ya kuma ƙwanƙwasa haƙorin da gindin madubinsa. Sauti mai taushi alama ce ta lafiya. Ƙara mai kaifi irin ta ƙarfe tana nufin tantanin ya mutu a wani wuri, saiwa ta haɗe da ƙashi. Wannan, da zaizayewar saiwa, su ne manyan hanyoyin da dashe ke lalacewa. Idan komai lafiya, bayan wata uku zuwa shida likitan daidaita haƙora zai iya fara jan sabon turmin da waya har ya hau layi ya haɗu da abokin taunarsa.

Me ya sa za a sha wannan ɗawainiya alhali akwai dashen ƙarfe? Ƙusar titaniyam da ake ɗora wa haƙorin ƙira tana mannewa da ƙashi, ba ta bin girman muƙamuƙi, shi ya sa ba a sa wa wanda bai gama girma ba. Haƙorin mutum na kansa yana girma tare da shi, yana riƙe ƙashin wurin, kuma ko bayan shekaru ya gaza, ya bar ƙashin da za a iya kafa ƙarfe a ciki.

Ba kowane baki dashe ke yi wa ba, kuma yana buƙatar likitan tiyatar baki da na daidaita haƙora su yi shiri tare. Amma damar gajeriya ce: saiwa na rufewa, giɓi na tsukewa, ƙashi na lotsawa. Don haka duk uba ko uwar da aka ce za a cire wa ɗansu matashi turmi, su tambaya tun kafin a yi allura: “Likita, akwai wani haƙori a bakinsa da zai iya maye gurbin wannan?” In amsar na buƙatar ƙwararre, su nemi a tura su sashen haƙori na asibitin koyarwa kafin a cire komai.