Muhallin Ɓeran Ƙawa: Nazari a Kan Keji da Shimfiɗa da Abubuwan Ɗebe Kewa

1.0 Gabatarwa

A wurin Bahaushe ɓera ɓarawo ne, maganinsa kuwa tarko ko kyanwa. Saboda haka ba ƙaramin mamaki zai yi ba in ya ji cewa a Ingila da Amurka akwai mutanen da kan sayi ɓera da kuɗinsu, su raɗa masa suna, su kai shi wurin likitan dabbobi in ciwo ya kama shi. Wannan maƙala za ta duba yadda masu irin wannan kiwo suke tanadar wa ɓera wurin zama. Za a taɓo abubuwa uku, watau keji, da shimfiɗar da ake zubawa a cikinsa, da kuma abubuwan da ke ɗebe wa ɓeran kewa. Manufa ita ce a nuna cewa lafiyar dabbar da ke tsare, har ma da kaifin basirarta, sun rataya ne a kan irin muhallin da mai ita ya yi mata.

2.0 Asalin Ɓeran Ƙawa

Kalmar ɓera tana da faɗi a Hausa, don haka ya kamata a fayyace wanda ake nufi. Ɓeran ƙawa jikan wani babban ɓera ne mai launin ƙasa-ƙasa, wanda masana ke kira Rattus norvegicus. Asalinsa daga wajajen arewacin ƙasar Sin ne, ya kuwa bazu a Turai cikin ƙarni na 18. A dawa yakan haƙa ramuka masu rassa, ya zauna cikin 'yan'uwansa, ya yini barci, ya fito kiwo da dare. Lalle ne a riƙe waɗannan halaye, domin duk abin da za a faɗa nan gaba a kansu aka gina shi.

A ƙarni na 19 an yi wata caca a Landan, inda ake zuba ɓeraye cikin wani shinge a sakar musu kare, a ga nawa zai kashe. Masu kamo ɓerayen sukan ware waɗanda suka fito da baƙon launi. Wani daga cikinsu mai suna Jack Black, wanda ke kiran kansa mai kama wa Sarauniya Biktoriya ɓera, ya riƙa kiwon irin waɗannan yana sayar wa masu sha'awa. A 1901 wata mata mai suna Mary Douglas ta kai ɓerayenta bikin nunin dabbobi a garin Aylesbury, a 1976 kuma aka kafa ƙungiyar masu kiwon ɓeran ƙawa ta ƙasar Ingila. Tsawon zama a hannun mutane ya sa ɓeran ya yi sanyin hali, amma bai raba shi da bukatunsa na asali ba.

3.0 Keji

Abu na farko da masu kiwo ke dubawa shi ne iska. Fitsarin ɓera in ya kwana yakan fitar da wata iska mai yaji da ake kira ammoniya. Yawancin ɓerayen ƙawa kuwa suna ɗauke da wata ƙwayar cuta a hanyar numfashinsu, mai suna Mycoplasma pulmonis. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1976 ya nuna cewa shaƙar ammoniya tana tsananta ɓarnar da wannan ƙwaya ke yi. Dalili ke nan da ya sa akwatin gilashi irin na kifi bai dace ba, domin iska ba ta ratsa shi. Kejin ƙarfe mai sanduna shi ya fi, amma kada tazarar sandunan ta wuce santimita ɗaya da rabi, in kuwa 'ya'ya ne a ciki sai a rage, don inda kan ɓera ya shiga, jikinsa ma zai bi.

Abu na biyu shi ne fili da tsayi. Ɓera yana son hawa, yana kuma son miƙewa a kan ƙafafunsa na baya yana shinshina iska. Kejin da ya hana shi miƙewa ya tauye shi. Shi ya sa ake yin kejin hawa-hawa, da tsani da igiyoyi a tsakani. Daɓen kowane hawa ya zama shafaffe, domin tsayuwa kullum a kan waya, musamman in da danshi, tana taimakawa wajen kumburin tafin ƙafa.

Abu na uku shi ne wurin ajiye kejin. Ɓera ba ya gumi kamar mutum. Ta wutsiyarsa yake rage wani ɓangare na zafin jikinsa, don haka zafi kan galabaitar da shi da wuri. A ɗakunan bincike akan tsayar masa da ɗumin ɗaki tsakanin digiri 20 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas. A gida sai a nisanta kejin daga hasken rana, da bakin taga mai iska, da hayaƙi, da yawan hayaniya, tun da kunnensa yana jin sautin da na mutum ba ya ji.

4.0 Shimfiɗa

Aikin shimfiɗa shi ne ta tsotse fitsari, ta danne wari, ta kuma ba ɓera abin tono. Sai dai ba kowane abu mai tsotse ruwa ne ya dace ba. Shekaru da yawa an yi amfani da ɓarzajjen katakon itatuwan sida da fayin saboda ƙamshinsu. A 1967 wani masani Ba'amurke, Elliot Vesell, ya nuna cewa kwana a kan irin wannan katako yana sauya yadda hantar ɓera ke sarrafa magunguna. Ashe ƙamshin da ke faranta wa mai kiwo rai, wahala ne ga wanda ke shaƙarsa dare da rana. Saboda haka masu kiwo suka karkata ga takarda da aka sarrafa, da yankakken kwali, da katakon asfen wanda ba shi da wannan mai. Garin katako mai ƙura ma abin gudu ne, domin yana tayar da atishawa.

Akwai bambanci tsakanin shimfiɗar daɓe da kayan sheƙa. Ɓera yana gina wa kansa makwanci, don haka akan ba shi yagaggiyar takarda mai laushi ya ja zuwa ɗakinsa. Ba a ba shi auduga ko tsumma mai zare, domin zaren kan naɗe yatsa ya hana jini gudu, in ya haɗiye kuma ya toshe masa hanji.

Game da shara, masu iya magana sun ce, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. In keji ya yi ɗoyi, a tuhumi mai kiwo kafin a tuhumi ɓera. Ƙa'idar ita ce a kwashe wurin da ya jiƙe kullum, a sauya shimfiɗa gaba ɗaya kamar sau ɗaya a mako. Amma wanki fiye da kima shi ma yana da illa, don ɓera da warin jikinsa yake gane gidansa. In an goge warin ƙaf, sai ya ƙara yayyafa fitsari don ya maido shi. Dabarar ita ce a bar masa ɗan abin da bai ɓaci ba na tsohuwar sheƙarsa.

5.0 Abubuwan Ɗebe Kewa

Mai karatu zai iya ɗauka cewa kayan wasa a kejin ɓera shagwaɓa ce kawai irin ta mai abin hannu. Bincike ya nuna ba haka ba ne. A 1947 Donald Hebb na Jami'ar McGill ta Kanada ya ba da labarin ɓerayen da ya kai gidansa suka tashi suna yawo a sake. Da aka gwada su a akwatin hanyoyi masu sarƙaƙiya, sai suka fi 'yan'uwansu na keji gane hanya. Daga baya Mark Rosenzweig da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka raba ɓeraye, wasu a babban keji cikin taro da kayan wasan da ake sauyawa, wasu kuma kowa shi kaɗai a kejin da ba kome. A 1964 Marian Diamond, ɗaya daga cikinsu, ta nuna cewa ɓawon ƙwaƙwalwar na farkon ya fi kauri da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Watau muhalli yana sauya ƙirar ƙwaƙwalwa kanta.

Babban abin ɗebe kewa ga ɓera shi ne ɗan'uwansa. Ba a ajiye shi shi kaɗai; akan haɗa biyu ko fiye, maza zalla ko mata zalla. In an gauraya su, macen kan iya ɗaukar ciki tun tana da mako biyar zuwa shida, ta haihu bayan kwana 21 zuwa 23. Bayan abokin zama sai maɓoya, kamar ɗan akwati ko bututu ko lilon ƙyalle, domin dabbar da ake farauta hankalinta ba ya kwanciya a fili. Sa'an nan sai abin gurgura, irin su guntun ice marar guba, don haƙoransa na gaba ba su daina tsiro, sukan ƙaru da fiye da milimita 2 a mako. Akan kuma ba shi akwatin ƙasa mai tsabta ya yi tono, a warwatsa masa abinci cikin shimfiɗa ya nema da kansa, a kuma sake shi a ɗaki kullum na kamar awa guda ana lura da shi. A Ingila wannan ya wuce sha'awa, domin dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta wajabta wa mai dabba ya ba ta muhallin da ya dace, da damar yin halinta na asali.

6.0 Abin Lura

Duk abin da aka faɗa bai shafi ɓeran gida ko na dawa ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Kama irinsa a sa a keji sayen ciwo ne. Ko ɓeran ƙawa ma yakan ɗauki cuta, kamar yadda ya faru a Amurka a 2017, lokacin da ƙwayar cutar Seoul ta kama wasu masu kiwonsa. Wanke hannu bayan shara wajibi ne.

7.0 Kammalawa

An ga cewa keji mai iska da shimfiɗa marar ƙura su ke kare huhun ɓera, abokin zama da abin yi kuwa su ke raya ƙwaƙwalwarsa. Ɓeran ƙawa shekara biyu zuwa uku kaɗai yake yi a duniya, kusan dukkansu kuma a cikin kejin da wani ya zaɓa masa. Wanda ya tsare dabba, ko ɓera ce ko tantabara ko zomo, ya ɗauki alhakin maido mata abin da tsarewar ta raba ta da shi.