Ɗakin Gwaggo: Gas ya ƙare, ’yan kunne sun bi shi

 Ni matar aure ce a Tudun Wada, Gusau, ’ya’yanmu huɗu. Maigidana malamin makaranta ne, kuma ban taɓa saninsa da rowa ba. Amma watanni ke nan ba ma kwana uku ba mu yi cacar baki a kan gas da kuɗin wuta ba. Kilo 6 yake cika mini, ya ce lallai ya kai wata, ni kuwa ko sati uku ba ya yi mini. In na ce ya ƙare sai ya ce ɓarna nake yi, wai ina ɗora tukunya in tafi hira. Don gudun magana sai na daina faɗa. Na fara cikawa da kuɗin adashena, da suka ƙare na sayar da wasu kwanukan ɗakina, makon jiya kuma na ba dillaliya ’yan kunnena. Bai sani ba, har yabona yake wai na koyi tattali. Ga shi gidan haya muke, ɗaki huɗu a kan mita ɗaya. Maƙwabciyata tana da firiza tana sayar da ƙanƙara, amma daidai wa daida muke raba kuɗin wuta. Na daina gaishe ta. Dare ya yi ba na iya barci. Gwaggo ina mafita?

Ɗiyarki daga Gusau

To ɗiyata. Matso kusa, don zan fara da ja miki kunne, tunda yanzu babu komai a jikinsa da zai hana ni.

Wa ya gaya miki haka ake rufa wa miji asiri? Kin sayar da kwano, kin sayar da ’yan kunne, wata mai zuwa me za ki sayar? Gado? Ranar da kayan ɗakin suka ƙare gas zai ci gaba da ƙarewa, maigida kuma zai ce, “To da yaya kike kai shi wata?” Da hannunki kin gina masa hujjar da zai kayar da ke da ita. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Yabon nan da yake miki, na san duk sanda ya yi shi sai kin ji kamar an soka miki allura. Shi ne ke hana ki barci, ba firizar maƙwabciya ba.

Amma share hawayenki. Ba ke kika kawo tsadar nan ba, ba kuma shi ba ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta yi tashin gwauron zabo, gas ɗin girki ya bi ta, har kilo ɗaya ya zarce naira 1,000 a 2024. Motar da ke kawo gas ɗin Gusau tun daga kudu ba ruwa take sha ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma duk mai zuwa cefane ta san albashi da ƙafa yake tafiya, farashi a kan babur. Mijinki tsoro yake ji, ɗiyata. Namiji in aljihunsa ya gaza, sau da yawa bakinsa ne ke kaifi. Ba na ba shi gaskiya, ina dai nuna miki inda ƙayar take.

Ga abin da za ki yi.

Ki faɗa masa gaskiya cikin makon nan. Kada ki tare shi da ita yana shigowa da ƙurar makaranta a ka. Bari ya ci, ya yi isha’i, yara su kwanta. Ki ce, “Malam, akwai abin da na yi ba da saninka ba, kuma ya dame ni.” Ki lissafa masa duka, har ’yan kunnen. Zai iya yin fushi. Bar shi ya yi. Fushin dare ɗaya ya fi ɓoyon shekara sauƙi.

Sannan ki daina gardama da baki, ki bar takarda ta yi miki. Ranar da aka cika tukunyar gas, shi da kansa ya rubuta kwanan wata a jikinta. Ki riƙa rubuta abin da kika dafa kullum: ruwan wankan yara, kunun safe, shayinsa na dare, da tuwon baƙin da ya kawo ba sanarwa. In tukunyar ta ƙare ku zauna ku duba tare. Malamin makaranta ne, ai ba zai musa wa lissafi ba. Ya kuma tsaya a gaban sikeli duk ranar da za a cika, a auna tukunyar kafin a zuba da bayan an zuba. Ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a bakin tiyo da kan tukunya. In kin ga kumfa na tashi, gas na zurarewa, kuma wannan ya wuce maganar kuɗi, maganar rai ce.

Ke ma ba zan wanke ki tas ba. Mu mata mun san halinmu. Wake ba a jiƙa ba, tukunya ba murfi, wuta ta lashe gefen tukunya tana dafa iska. Jiƙa wake tun dare. Haɗa kayan miyarki kafin ki kunna wuta, ba bayan kin kunna ki fara neman daddawa ba. Da zarar abu ya tafasa ki rage wuta, don ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfinta. Shinkafa da wake in sun tafasa sosai, sauke tukunyar ki naɗe ta da tsohon bargo a cikin kwando, su ƙarasa nuna da kansu. Ruwan wanka kuwa, ajiye baƙin bokiti a rana. Ranar Zamfara ba ta taɓa aiko wa kowa da takardar biya ba. Abu mai cin lokaci, irin su ganda da dahuwar wake mai yawa, kai shi kan gawayi a tsakar gida, ki bar gas ga abin sauri.

Yanzu maganar mita. Kin daina gaida maƙwabciya, to kuɗin ya ragu? Ita ma da ƙanƙarar nan take ciyar da nata ’ya’yan. Amma gaskiya ɗaya ce: mai firiza da mai ƙwan fitila biyu bai kamata su biya daidai ba. Wannan magana ta mazan gidan ce da mai gidan haya. Su zauna a ƙirga kayan wutar kowane ɗaki a raba kuɗi a kan haka, ko a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya sa wa ɗakinta ƙaramar mita ta daban. Kafin su zauna, ki duba naki ɗakin. Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai ƙarfin wat 1,000 ke sha cikin awa ɗaya. Dutsen guga da hitar dafa ruwa kowannensu kusan haka yake sha, ko fiye. Tsohon ƙwan fitila mai wat 100 yana cinye yunit cikin awa 10, farin ƙwai na zamani mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100. Fankar sama ta kwana tana juyawa da ƙyar ta ci yunit ɗaya. Kin ga ashe hitar da ake tsomawa a bokiti kowace asuba ba ta da bakin zagin firiza.

Ki kuma san rukunin da layinku yake. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit na ’yan rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225, bisa sharaɗin za su samu wuta awa 20 a rana, daga baya aka ɗan rage. Rukunin B awa 16 ne, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Duba rasit ɗin katinku. In ana cajin ku kuɗin wani rukuni alhali ba ku ganin awanninsa, ku rubuta koke ga ofishin kamfanin, ku riƙe kwafi. In ba a saurare ku ba, ku kai wa hukumar. Masu biyan kuɗin ƙiyasi, waɗanda ba su da mita, su sani tun 2020 hukumar ta sa iyakar abin da za a iya rubuta musu. Abu ɗaya na hana: jonin sata. Dokar lantarki ta 2023 ta tanadar masa tara da ɗauri, kuma na ga gidan da irin wannan waya ta mayar toka.

Gobe da safe ki gaida matar nan. Ke za ki fara.

*

Gwaggo, ni a Tsafe nake, mijina ya rasu ya bar ni da marayu uku. Itace ya yi tsada tunda masu saro shi suka daina shiga daji saboda ’yan bindiga. Surukata ta ce in riƙa tura babban, mai shekara 13, yana bin abokansa bayan gari. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina jin nauyin musa mata.

Ɗiyata, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari. Amsata gajeruwa ce: kada ki tura shi. Dajin da ƙarti masu gatari suka guje wa ba wurin yaro ba ne. Damin itace nawa ne zai biya kuɗin fansa? Ki durƙusa ki faɗa wa Inna cikin ladabi cewa ba ki da ƙarfin zuciyar rasa ɗa bayan kin rasa uba. Jikanta ne, za ta ji. In ta dage, nemi ƙanin mijinki ko limamin unguwa ya yi mata magana.

Murhunki na duwatsu uku shi ne ɓarawon itacenki, don yawancin zafin gefe yake bi. Kwaɓa laka ki zagaye shi, ki bar ƙofa ɗaya ta itace da ’yar kafar hayaƙi, ki ga bambanci. Da kaka ki tara kara da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, ki ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba. Busasshen kashin shanu ma iyayenmu sun yi girki da shi, ba abin kunya ba ne. In kuna shiri da faccalarki, ku haɗa wuta ɗaya, tukunya na sauka wata na hawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma ku ji ni, ku duka masu hura wuta da leda da tsohon takalmin roba: ku bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara, kuma mu da goyonmu ne a bakin murhu. Yi girki inda iska ke wucewa, ki sauke jariri daga baya kafin ki sunkuya hura wuta.

*

Gwaggo, ni ango ne a Bungudu. Lokacin neman aure na yi wa amarya alkawarin ba za ta kwana cikin duhu ba. Yanzu kullum sai na tayar da janareta, har na fara cin bashin mai. In na ce yau a haƙura sai ta juya mini baya.

Ɗana, ka yi zance da bakin gwamna, ga shi aljihunka na talaka! Ba kai ne farau ba, samari da yawa sun yi alkawarin da ya fi wannan a ƙofar gida da daddare. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Zaunar da ita ka nuna mata abin da mai ke ci a wata, ka ce da ita, “Kin fi son ƙarar inji ko kin fi son kada mai bin bashi ya yi mana sallama?” Kada ka ce da ita “babu” ka tsaya nan. Ka zo mata da madadi. Ku rage janareta zuwa awa biyu, abin da ya ragu ka zuba a adashe, in ka kwasa ka sayi ƙaramar sola mai ɗaukar fitila da fanka da cajin waya. Ka tafi da wanda ya san kan batir, don araha ba ta ado. Ka tuna Oktoban 2024, da layukan wuta suka lalace Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu? A unguwarmu mai faranti ɗaya a kan rufi shi ya zama sarki, har layin caji ake yi a ƙofarsa.

Kuma ko ɓarayi sun dame ka, kada ka shigar da janareta ɗaki ko baranda a rufe. Haka kaskon gawayi lokacin hunturu. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, barci take sa mutum ya zarce.

*

’Ya’yana masu karatu, na san da yawanku kun karanta wasiƙar farko kuna taɓa kunnuwanku. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Gida nawa ne a Gusau mace ke cike giɓi a ɓoye, namiji ke cin bashi a ɓoye, kowa na ganin shi kaɗai ke ɗauke da kayan? Ku maza, wanda ya ga kuɗin da yake bayarwa tun shekara uku har yau suna isa, kada ya yi murna. Ya leƙa ɗakin matarsa ya ƙirga kwanuka. Farashi ba a hannunmu yake ba, amma zama a yi lissafi a fili, wannan namu ne.

Ke kuma ɗiyata ta Tudun Wada, maza ki aika wa dillaliya ta dakata, in ba ta riga ta sayar ba. In ta sayar, Malam ya san bashin da ke kansa. Ranar da ’yan kunne suka koma mazauninsu, ki rubuto mini.

Taku,
Gwaggo