Aikin Koyar da Turanci a Damagaram

Tambaya: Ina koyar da Turanci a Gumel, kuma Jami'ar André Salifou ta Damagaram nake sha'awa. In tsallaka?

Amsa: Malam, bukatar malaman Turanci dai akwai ta. A 2025 Nijar ta mayar da Hausa harshen kasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Amma kada ka ajiye aikinka sai takardar kwantaragi ta shigo hannunka, wanda ya iya Faransanci ya fassara maka ita dalla-dalla. Duba ko albashin wata ne ko biyan awa, domin wanda ake biya bisa awa yakan jira har karshen zango. Ka tambayi batun gida da asibiti. Sefa za a biya ka, sai ka lissafa canji a Maigatari. Nijar ta fice daga ECOWAS, saboda haka ka tabbatar da izinin zama tun kafin ka daura kaya.