Darasin Kasuwanci: Abin Da Huhun Goro Yake Koya Wa Ɗan Kasuwa

Yarabawan Legas suna da wani karin magana wanda yake cewa kasuwar Oyingbo ba ta san wani bai zo ba. Ma'ana, cikar kasuwar ta kai ga duk wanda ya yi fashi babu mai cigiyarsa. Ga ɗan kasuwa wannan gargaɗi ne, domin ranar da ya bar rumfarsa a rufe, mai sayen kayansa zai wuce wurin maƙwabcinsa, kuma ba lallai ba ne ya dawo.

Kasuwar Oyingbo tana unguwar Ebute Metta, kusa da tashar Iddo, inda hanyar jirgin ƙasa ta tashi zuwa Arewa. Bayan da aka buɗe hanyar har Kano a shekarar 1912, Hausawa fatake sun ƙara yawa a garuruwan da take ratsawa, musamman Agege, inda goro ya zaunar da su har suka kafa zango da sarkinsu.

A sana'ar goro ake ganin amfanin aikin yau da kullum a fili. Goro ba ya jure sakaci. Wajibi ne a naɗe shi cikin ganyen fita, a riƙa kwance huhu lokaci lokaci ana yayyafa ruwa, ana sake ganye, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ta yaɗu. Wanda ya yi haka watanni, goronsa zai zama daushe, ya sayar da tsada bayan kaka ta wuce. Wanda kuwa ya yi wasa na 'yan makonni, zai kwance huhu ya tarar uwar kuɗinsa ta ruɓe, ga bashin maigida a wuyansa.

Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata ya tabbatar da haka. An haife shi a Bebeji a shekarar 1877. Ya yi shekaru yana fataucin goro daga ƙasar Gwanja, yana cikin waɗanda suka fara ɗauko shi ta jirgin ruwa zuwa Legas. Daga baya ya zauna a Kano ya shiga sayen gyaɗa. Sai a shekarar 1929, yana da shekara 52, ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya a reshen bankin Turawa da aka buɗe a Kano. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Wannan dukiya ba ta cinikin rana ɗaya ba ce.

Abubuwa uku ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. Na farko, ya tsaya a kan sana'ar da ya sani, ya guji tsalle daga wannan kaya zuwa wancan saboda jin labarin riba. Na biyu, ya rufe lissafinsa kowace yamma, ya ware riba daga uwar kuɗi, ya rubuta wanda yake bi da wanda yake bin sa. Kuɗin cefane da na biki daga riba za su fito, in ba haka ba jari zai zube bai sani ba. Na uku, ya biya bashi ranar da ya yi alkawari, domin yawancin kayan da ke zirga-zirga tsakanin Arewa da Legas a kan amana ake bayar da su, kuma maigida da dillali ba sa manta wanda ya saɓa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar ƙarin jari. Abin da suke buƙata shi ne a maimaita su kullum, ranar ciniki da ranar kwantai, domin da yayyafi kogi kan cika.